Daga Zariya Zuwa Kaduna: Lissafin da Ake Yi Kafin a Ɗaure Kaya

Jama'a, assalamu alaikum. Tsakanin Zariya da Kaduna tafiyar kilomita kusan 80 ce, a kan babban titin da ya taso daga Abuja ya wuce Kano. Wannan kusancin shi ne yake ruɗar mutane. Da garin da aka tura ka aiki Sakkwato ne ko Yola, babu dogon tunani, tashi kawai za ka yi. Amma kilomita 80, sai zuciya ta ce maka ai nan da nan ne, ka zauna inda kake ka riƙa jeka-ka-dawo. Yau za mu ɗauki mai iyali da yake zaune a Zariya, aiki ko kasuwa ta ja shi Kaduna. Wanda nasa ya juya, daga Kaduna zuwa Zariya, lissafin ɗaya ne, sai dai ya juya shi.

Mu fara da abin da ya fi cin kuɗi, wato hanya. Zuwa da dawowa kilomita 160 ne a rana. Idan ranakun aiki 22 ne a wata, ka ci kilomita 3,520. Ƙaramar mota mai lafiya da take yin kilomita 10 da lita ɗaya za ta sha lita 352 a wata. Ka ninka wannan da farashin lita na yau a gidan man unguwarku, ka rubuta. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, wannan adadin shi kaɗai ya isa ya cinye albashin ƙaramin ma'aikaci. Kuma ba a gama ba. Idan kana juyen baƙin mai duk kilomita 5,000, to kusan duk sati shida kana wurin bakanike. Taya, birki, da ƙafar mota duk za su mutu da wuri, kuma ba sa yin sallama kafin su mutu.

Mai shiga motar haya nasa ya fi sauƙi, amma kuskuren da ake yi shi ne a lissafa kuɗin mota daga Kwangila a Zariya zuwa Kawo a Kaduna kawai. Daga gidanka zuwa tasha fa? Mutumin Samaru ko Kofar Gayan sai ya hau abin hawa kafin ya kai inda zai samu motar Kaduna. In an sauke shi a Kawo, sai ya sake hawa wani zuwa ofis, wani lokaci hawa biyu. Hawa shida ke nan a rana, ga wasu ma takwas. A haɗa su duka, a ƙara kuɗin abincin rana, domin wanda ya bar gida bayan asuba ba zai koma cin tuwo a gida da azahar ba.

Sai lokaci. Titin kansa, idan babu matsala, awa ɗaya ne ko da ɗan ɗoriya, ta Jaji, Birnin Yero, Maraban Jos, Rigachikun. Amma daga ƙofar gida zuwa ƙofar ofis, da jiran mota ta cika, awa biyu ba abin mamaki ba ne. Awa huɗu a rana a kan hanya. A nan ne inda ofishin yake ya zama babbar magana. Zariya tana arewa da Kaduna, don haka wanda aikinsa yake Kawo, Mando, Unguwar Dosa ko Malali, yana shigowa ya iso, musamman da sabuwar gadar Kawo da aka buɗe a 2022. Wanda kuwa aikinsa yake Kakuri, Barnawa ko Sabon Tasha, sai ya ratsa garin gaba ɗaya ya tsallake kogi, ko ya zagaya ta titin bayan gari na Nnamdi Azikiwe inda manyan motoci suke. Mutum biyu ne, dukansu suna cewa a Kaduna suke aiki, amma tafiyarsu ba ɗaya ba ce. Kuma a tuna, dawowar dare a babban titi ba abin da za a mayar al'ada ba ne, ko don tireloli da gudun direbobi, ko don tsaro.

Game da jirgin ƙasa: an ƙaddamar da aikin sabon layin dogo na Kaduna zuwa Kano a 2021, kuma ta Zariya zai bi. Kada ka sa shi a lissafinka sai ranar da ka ga yana ɗaukar fasinja a kan lokaci.

To, ga ma'aunin da muke ba da shawara a kai. Ka ƙirga kwana nawa ne a sati dole a ga fuskarka a Kaduna. Idan ɗaya ne ko biyu, kamar malamin da yake da darasi ranaku ƙayyadaddu, ko ɗan kasuwa mai zuwa saro kaya a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, zauna a Zariya, tashi asara ce. Idan huɗu ne ko biyar, jeka-ka-dawo ba zai ɗore ba, ko aljihu ya gaji ko jiki. Uku ne yake da gardama, kuma a nan sauran abubuwan da za mu faɗa suke raba gardamar.

Akwai hanya ta uku da mutane da yawa suke bi: a bar iyali a Zariya, a kama ɗaki ɗaya a Kaduna, a tafi Litinin da sassafe a dawo Juma'a. Tafiya ta ragu daga 22 zuwa 4 ko 5 a wata. Wannan ya fi dacewa da wanda gidan Zariya nasa ne ko na gado, ba haya yake biya ba. Amma tukunya biyu ake ɗorawa, kuɗin wuta biyu, kuma tarbiyyar yara da zirga-zirgar asibiti duk sun koma kan uwargida kwana biyar. Wannan ba shawarar da maigida zai yanke shi kaɗai ba ce. Muna ganin ta fi kyau a matsayin gwaji na wata shida zuwa shekara, kafin a san ko aikin zai zauna.

Yanzu haya. A dunƙule, gida iri ɗaya ya fi tsada a Kaduna, amma dunƙulen ba ya taimakon kowa. Unguwar Rimi da Malali wani farashi ne, Rigasa, Hayin Banki da Rigachikun wani ne daban. Haka a Zariya, Samaru da kewayen Kongo, inda harabobin jami'ar Ahmadu Bello suke, ɗalibai sun ɗaga farashin ɗaki ɗaya, har ka ga ciki da falo a can ya kai na wasu unguwannin Kaduna. Abin da za ka kwatanta shi ne gidan da kake ciki yanzu da gidan da za ka iya zama a cikinsa kusa da aikinka. Shekarar farko kuma ta fi kowace nauyi: kuɗin shekara a dunƙule, la'adar dillali wadda yawanci kashi 10 ce, kuɗin rubuta yarjejeniya, wani mai gidan ya ƙara da kuɗin ajiya na ɓarna. Sai motar kwasar kaya da 'yan dako, sai fenti, labule, ragar sauro, da gyaran famfo. Ka daidaita tashinka da ƙarewar hayarka ta Zariya, domin da wuya mai gida ya mayar maka da kuɗin watannin da ba ka zauna ba.

Kafin ka ba da ko sisi, ka je gidan sau biyu, da rana da kuma bayan magariba. Ka tabbatar wanda kake ba kuɗin shi ne mai gidan ko wakilinsa na gaskiya, a karɓi rasit, a sa shaidu. Ka duba mita. Garuruwan biyu duk Kaduna Electric ne yake ba su wuta, amma layi ya bambanta. Tun watan Afrilun 2024 masu layin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, suna biyan kuɗi mai yawa fiye da sauran. Ka tambayi layin da gidan yake kai. Idan mita mai kati ce, a sayi wuta ta ɗan kuɗi a gabanka, a ga ko ana zaftare wani abu saboda tsohon bashi. Idan babu mita, ka nemi takardar biya ta ƙarshe, in ba haka ba bashin wanda ya tashi zai hau kanka.

Ruwa kuwa, mutumin Zariya ba ya buƙatar a yi masa bayani. Duk da aikin madatsar Galma da matatar ruwa ta Shika, unguwanni da yawa har yanzu rijiya, burtsatse da 'yan garuwa ne. Kada ka ɗauka Kaduna ta tsira. Ka tambayi maƙwabta, ba dillali ba: rijiyar tana ƙafewa a watan Maris da Afrilu? Idan ka ga kurar 'yan garuwa jere a bakin layi, ka samu amsa. Da damina kuma akasin haka ake dubawa. Gidajen da suke gangaren kogin Kaduna, irin yankin titin Kigo, sun sha ambaliya. Alamar ruwa a jikin katanga da fentin da ya kumbura daga ƙasa ba sa ɓoyuwa, sai dai in an yi sabon fenti, wanda shi ma abin tambaya ne.

Akwai maganar da dillali ba zai fara ɗauko maka ba, amma kowa a Kaduna ya san ta. Tun rikicin shekarar 2000 da na 2002, zaman garin ya rabu: Musulmi sun fi yawa a arewacin kogi, Kirista sun fi yawa a kudanci, da 'yan unguwanni irin Barnawa da ake cakuɗe. Mutane suna aiki tare, suna cin kasuwa tare, amma wurin kwana kowa yana duba inda hankalinsa zai kwanta. Ka sa wannan a lissafi tun farko, domin yana iya sa gidan ya yi nisa da ofis, kuɗin mota ya dawo ta bayan gida. Unguwannin gefen gari kuma, inda haya take da araha, a tambayi yadda tsaronsu yake da dare, da ko akwai 'yan sintiri da kuɗin da ake tarawa duk wata.

Yara su ne suke sa ranar tashi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne dogon hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, duk da cewa tsakiyar damina ce, sai a nemi mota mai rufi ko tamfol mai kyau saboda katifu. Yaron da yake aji uku na ƙaramar sakandare ko ajin ƙarshe na babba, a bar shi ya gama inda yake, ko da a gidan 'yan uwa ne. Rajistar WAEC da NECO tana tafiya da makin da makaranta ta tara masa, kuma makarantu da yawa ba sa karɓar sabon ɗalibi a ajin ƙarshe. Sabuwar makaranta kuma tana nufin kuɗin shiga, sabon yunifom da littattafai, ga Islamiyya da za a sake nema.

Idan akwai mai ciwon da yake ganin likita a asibitin koyarwa na Shika, a yi tunani sosai. Kaduna tana da Barau Dikko, asibitin sojoji na 44, da asibitin ido na ƙasa, amma sauya likita yana buƙatar takardar turawa da bayanin jinya, kuma mai inshorar lafiya sai ya nemi a sauya masa asibitin da aka ɗora shi a kai, wanda ba ya faruwa rana ɗaya.

Mai sana'a kuma ya san kasuwannin biyu ba halinsu ɗaya ba. Cinikin Samaru da Kongo yana bin kalandar jami'a. Yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022 ya nuna wa masu shaguna da masu abinci haka. Kaduna tana bin albashi: ƙarshen wata a cika, tsakiyar wata a yi sanyi. Tela, mai gyaran waya ko mai abinci da ya tashi ya bar kwastomominsa, ya tanadi abin da zai ci na aƙalla wata shida, da kuɗin shago daban.

Ta fuskar takardu abin da sauƙi, tunda jiha ɗaya ce: lambar mota da harajin albashi ba sa canzawa. Katin zaɓe ne za ka nemi INEC ta mayar maka da shi sabuwar mazaɓa lokacin da aka buɗe rajista. Idan kuma gidan Zariya naka ne, kada ka sayar a shekarar farko. Ka sa ɗan haya da yarjejeniya a rubuce, kuɗin ya rage maka nauyin hayar Kaduna. In daga baya ka yanke shawarar sayen fili a Kaduna, ko a Millennium City ne ko Rigachikun, ka kai lambar filin ofishin KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar, a bincika maka kafin ka biya kuɗi.