Amsoshin Tambayoyinku: Saka Kwamfuta a Cikin Tsohon Akwatin Gem

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙu uku ne a gabana yau, kuma duk a kan abu ɗaya suke magana: dogayen akwatunan gem ɗin nan na da, waɗanda ake tsayawa a gabansu a jefa kwandala kafin wasa ya tashi.

Ta farko daga wani mai sauraronmu ce a Kano, mai gyaran talabijin. Ya ce: "Na sayi tsohon akwatin gem a cikin kayan gwanjo da aka shigo da su daga Amurka. Na haɗa shi da taransfomar rage wuta, gilashin ya yi haske, amma wasa bai fito ba. Yarona na shago ya ce in kwashe kayan cikinsa kaf, in saka kwamfuta mai manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin wasanni. Wace manhaja ce wannan, kuma in bi shawarar yaron?"

To Malam, mun gode da wasiƙa. Ka yi dabara da ka fara rage wutar, domin kayan Amurka da bolt 120 suke aiki, tamu kuwa 230 ce. Shawarar yaron naka kuma rabi ce za ka ɗauka.

Manhajar da yake nufi sunanta MAME. Wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, shi ya fara fitar da ita a shekarar 1997, kuma har yau masu sa kai daga ƙasashe daban-daban suna ta ƙara mata aiki. A da, kowane wasa yana da nasa allon lantarki, da 'yar ƙwaƙwalwarsa, da ƙananan ma'ajiyai da aka rubuta wasan a ciki. Pac-Man, wanda kamfanin Namco na Japan ya fitar a 1980, wata 'yar ƙwaƙwalwa ce mai suna Z80 take tafiyar da shi. Abin da MAME take yi shi ne ta sa kwamfuta ta yi shigar wancan allo, ta kwaikwayi kowane ɓangarensa, har umarnin wasan na asali ya gudana kamar yana gidansu. Dubban wasanni take iya tayarwa ta haka. Kuma manufar masu ita tun farko adana tarihi ce, saboda allunan suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Inda na rabu da yaron naka shi ne maganar kwashe kaya kaf. Don Allah kada ka sa almakashi a waya ko ɗaya tukuna. Buɗe bayan akwatin ka duba inda tarin wayoyi suka haɗu suka kama gefen allon wasan. Idan ka ga dogon baki mai haƙora 56, wato 28 a kowane gefe, to ka yi sa'a. Wannan shi ne tsarin JAMMA, wanda ƙungiyar masu ƙera injinan wasa ta Japan ta fito da shi a 1985, don a riƙa canza wasa ba tare da an sake wayoyin akwati ba. Hoto, sauti, wuta, maɓallai, har da ramin kwandala, duk ta bakin nan suke bi. Kafin shi, kowane kamfani da nasa tsarin wayoyin.

Kafin ma ka yanke wa allon hukuncin mutuwa, ɗauko mitarka ka auna ko bolt 5 yana isa gare shi. Sau da yawa na'urar da ke ba allon wuta a cikin akwatin ce ta gaji, ko haƙoran allon suka yi tsatsa. Ka zare shi, ka goge haƙoran da robar goge fensir har su yi ƙyalli, ka mayar. Na taɓa ganin akwatin da ya shekara a jingine, ƙura ta yi masa kauri a ciki har da gidan gizo, aka yi masa wannan gogewar kaɗai, sai ga waƙar wasan ta tashi.

In kuwa ya mutu da gaske, zare shi ka naɗe ka adana a wuri busasshe. A gurbinsa akwai wani ɗan allo mai suna J-PAC, na kamfanin Ultimarc a Ingila, wanda ke shiga bakin JAMMA daidai wa daida, ɗaya gefen kuma ya haɗu da kwamfuta. Kwamfutar sai ta riƙa ganin sandar wasa da maɓallai kamar allon rubutunta ne. Ranar da ka samu wanda ya gyara allon asali, sai ka zare wannan ka mayar da wancan, akwati ya koma yadda ya fito daga masana'anta. Wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe a duk bayanin nan.

Sai maganar gilashi, kuma nan ne aikin yake da wuya. Tsohon gilashin gem, mai ƙaton baya irin na talabijin ɗin da, yana zana layuka wajen 15,700 a cikin daƙiƙa ɗaya. Kwamfuta kuwa, mafi ƙarancin abin da ta saba turowa shi ne 31,500, ninki biyu ke nan. Ka ɗora masa wannan kai tsaye, hoto zai wargaje, kuma yana iya ƙona kayan cikinsa. J-PAC yana tare siginar da ta fi ƙarfin gilashin, amma dole ita ma kwamfutar a saukar da ita. Masu wannan harka sun fi amfani da wani reshen manhajar mai suna GroovyMAME, tare da katin hoto na kamfanin AMD da aka sa wa direba na musamman, wato manhajar da ke sarrafa katin. Akwai 'yar wahala a saitin. Duk da haka ina ganin ta cancanta, domin masu zanen wasannin nan a kan irin wannan gilashi suka tsara launukansu, kuma an daina ƙera shi. Wanda ka jefar, ya tafi ke nan.

Malam, kai ka san abin da zan faɗa yanzu, sana'arka ce, amma saboda sauran masu sauraro: a bayan gilashin akwai wata waya mai kauri da ta ƙare da faifan roba manne a jikin kwalbar. Wutar da ke wurin tana haura bolt 20,000, kuma tana iya zama a ciki ko bayan an zare fulogi. Wanda bai koyi sauke ta ba, kada ya kai hannu, ya kira mai gyara. Haka kuma taransfomar da za ka gani a ƙasan akwatin, wadda ke raba gilashin da wutar gida, a bar ta a inda take. Tsofaffin gilasai da yawa ba su da aminci in babu ita.

Wasiƙa ta biyu daga wani ɗalibi ce a Maraɗi, Jamhuriyar Nijar. Ya ce shi ba shi da tsohon akwati, kafinta zai sa ya ƙera masa, yana tambaya ko 'yar kwamfutar nan Raspberry Pi za ta isa, da kuma maɓalli nawa zai sa.

Ƙanena, naka ya fi sauƙi, tunda babu kayan tarihi da za ka ɓata. Raspberry Pi, wadda ta fara fitowa daga Ingila a 2012, ba ta wuce tafin hannu ba, kuma da tsarin RetroPie, wato tarin manhajojin kwaikwayon wasanni da aka shirya mata, tana ɗaukar yawancin wasannin shekarun 1980 da farkon 1990. Gilashin zamani maras kauri ya ishe ka. Ka sa maɓalli 6 ga kowane ɗan wasa, saboda Street Fighter II na kamfanin Capcom, wanda ya fito a 1991, shida yake bukata, uku na naushi uku na shuri. Shi kansa JAMMA uku kawai ya tanada, sai da aka ƙara wata igiyar wayoyi daban don wannan wasa.

Ka lura da sandar. Pac-Man da Donkey Kong an yi su ne da sanda mai kusurwa 4, wasannin faɗa kuwa 8 suke so. In ka yi Pac-Man da mai 8, za ka ga kana juyawa a lungu amma ya ƙi bin hannunka. Ana sayar da sandar da ake canza mata faranti a ƙasa ta yi duka biyun, ita za ka nema. Sannan ɗauke wuta ba zato yana lalata katin memori na Raspberry Pi, don haka ka kwafi katin ka ajiye guda, ka kuma sa mata ɗan batir mai riƙe wuta. Ka ce wa kafinta ya bar ramin iska da gurbin 'yar fanka a baya, ya rufe da raga saboda ƙurar hunturu.

Ta ƙarshe daga wata baiwar Allah ce a Kaduna, mai shagon lemo da kayan maƙulashe. Tana so ta ajiye irin wannan akwati yara su riƙa biya suna wasa, ta ce ko akwai matsala a ciki.

Hajiya, akwai. Ita MAME kyauta ce, amma ba ta zuwa da wasa ko ɗaya. Wasannin dukiyar kamfanonin da suka yi su ce, irin su Capcom da Nintendo da Bandai Namco, kuma har gobe suna sayar da su. Kwafin da ke yawo a intanet galibi ba da izininsu ba ne, karɓar kuɗi a kansa kuwa cin haƙƙin wani ne. Akwai 'yan kaɗan, kamar Gridlee da Robby Roto, da masu su suka yarda a sauke daga shafin MAME, sai dai izinin na wasa a gida ne, ban da kasuwanci. In sana'a za ki yi, ki nemi allon wasa na asali. Injin Neo Geo na kamfanin SNK, wanda ya fito a 1990, don masu shago aka yi shi: kaset ake zura masa, wani samfurin yana cin har guda 6, yaro ya zaɓi wanda yake so da maɓalli. Ki sa mai gyara ya buɗe kaset ɗin ya duba allonsa kafin ki biya, domin na jabu suna da yawa a kasuwa.

Iya wasiƙun da lokaci ya ba mu ke nan a yau. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.