Kada ku ɓare kan sarkin: lacca kan wasiƙun sojoji

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Abu uku zan taɓo kan wasiƙun yaƙin basasar Amurka, wanda aka gwabza tsakanin jihohin Arewa da na Kudu da suka ɓalle, daga 1861 zuwa 1865, in lokaci ya bari.

Na farko ambulan ɗin kishin ƙasa. Ana fara yaƙi masu maɗaba'a suka hango kasuwa, suka dinga buga ambulan da tuta, da gaggafa, da zanen ba'a ga Jefferson Davis shugaban 'yan Kudu. Samfuri dubbai aka buga, Charles Magnus na birnin New York ya yi suna a harkar. Akwai wani Kanar Elmer Ellsworth na sojan Arewa, a Mayun 1861 ya hau saman wani otel a Alexandria, ta jihar Virginia fa, ba Iskandariyyar Masar ba, ya sauke tutar 'yan Kudu, yana saukowa mai otel ɗin ya ɗirka masa bindiga. Kafin ka ce kwabo hotonsa ya cika ambulan.

Sai wasiƙar soja. Soja na daji, ina zai ga kan sarki? Sai a Arewa doka ta yarda ya rubuta "wasiƙar soja" a fuskar ambulan, hafsa ya sa hannu, wanda aka aika wa ya biya senti 3. Wato dai filashin, Hajiya, shi ya neme ki, ke za ki biya. (Dariya)

Amma ni inda raina yake, Kudu ne. Ku ba ni dama a nan. 'Yan Arewa sun datse musu tashoshin jiragen ruwa, takarda ta yi tsada, ta zo ma ta ɓace. To mace ta sami wasiƙar mijinta, ya za ta yi ta ba shi amsa? Sai ta kama ambulan ɗin, ta bi bakin manne a hankali ta warware, ta juya cikinta waje, ta sake liƙewa, ta rubuta sunansa. Ambulan ɗaya, tafiya biyu. In ka leƙa ciki yau, ga sunanta da hatimin farko, ga nasa a waje. Ambulan ɗaya fa nake gaya muku! Wasu takardar adon bango suka yanka, ka buɗe ka tarar da furanni a ciki. Wasu shafin littafin lissafin kanti. Mai tara tsofaffin ambulan na haƙiƙa zai bar kyakkyawar ambulan mai tuta da ba ta taɓa shiga gidan waya ba, ya ɗauki wannan yamutsattsiyar, kuma ni ina bayansa, don ita ce ta yi tafiya.

Na uku... ko na huɗu muke? Taurarin tuta. Tutar Kudu ta fara da bakwai, jihohi na ƙara ballewa ana ƙara mata, don haka ƙirga taurari na taimakawa wajen gane lokacin da aka buga ambulan mai tutar. Mu wuce.

Na'am, Baba, bismillah.

(Wani dattijo: mahaifinsa ya yi yaƙin Bama, akwai wasiƙunsa a cikin adaka, ya zai yi da su?)

Allah ya ji ƙansa, Baba. Ai mutanenmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi Bama. Ka duba hatimin, galibi lamba za ka gani maimakon sunan gari, don kada maƙiyi ya san inda suke, ga kuma hatimin jami'in da ke tace wasiƙu. Don Allah kada a ɓare kan sarkin in akwai, kada a raba wasiƙa da ambulanta, kada a kai shagon laminashin. A cire ƙarfen da ya maƙale su saboda tsatsa, a kiyaye laima da gara. In an tashi ka tsaya mu gani, ko hoto ne a waya.