Wa ya ce a ci gaba da zarar mana kuɗin kati?

Masu saurare, akwai ƙorafin da kunnenmu ya gaji da ji a garin nan na Kaduna, daga Rigasa har Kawo. Mutum ya sa katin ɗari biyar da daddare, bai kira kowa ba, bai kunna data ba, gari ya waye ya danna *310# ya tarar an zaftare. In ya bi ba'asi sai a ce masa ai yana cikin wani tsari: ko waƙar da mai kiransa yake ji, ko sakamakon ƙwallo, ko kacici-kacici, ko wai shawarwarin soyayya. Yaushe ya shiga? Bai sani ba. Yaya zai fita? To, nan gizo ke saƙa.

Yadda ake shigar da mutane ba ɓoyayye ba ne. Wani rubutu ne da Turanci yakan faɗo kan fuskar waya, mutum yana sauri ya kawar da shi ya amsa kira, sai yatsa ya taɓa inda bai nufa ba. Shi ke nan, an ce ya amince. Wani kuma a ce masa kwanakin farko kyauta ne, ba a jaddada masa cewa kyautar na ƙarewa tsarin zai riƙa sabunta kansa ba, kowace rana ko kowane mako, muddin akwai kuɗi a layin. Yawancin waɗannan tsare-tsare na wasu ƙananan kamfanoni ne da ke hawa kan layin manyan, kuma raba kuɗin suke yi a tsakaninsu. Saboda haka kada kowa ya yi mamakin ganin shiga da taɓawa ɗaya, fita kuwa sai an yi gumi. Duk mai hannu a ciki riba yake ci da zamanka.

Za a ce ai mutum shi ya danna da hannunsa. Haba! Dattijuwar da ke Tudun Wada, wadda jikanta ne ke karanta mata saƙo, ita ce ta zauna ta nemi a riƙa turo mata sakamakon ƙwallon Ingila? Mu ɗauka ma ta danna da saninta. Amincewar ranar Litinin ba ta zama izinin cire kuɗi har ƙarshen shekara. In mai shayi ya ba ka kofi ɗaya kyauta yau, hakan bai ba shi damar sa hannu a aljihunka kowace safiya ba, wai don ba ka zo ka ce ya daina ba. Wanda bai ce a cire ba, kada a cire.

Wai kuma kuɗin ba yawa. A ce naira 50 ce a mako. A shekara ta zama 2,600, daga tsari ɗaya kacal, alhali wasu biyu ko uku ke rataye a layinsu. In mutum miliyan ɗaya ake wa haka, naira miliyan 50 ke nan kowane mako. Ƙanƙantar kuɗin ita ce dabarar, don an san mai tuƙa keke ba zai ajiye fasinja ya je ya bi layi a ofis saboda hamsin ba. Kuma a tuna, a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. An ce mana kamfanoni na cikin matsi, mun ji. Talaka da ya biya ƙarin ai bai kamata a sake bi ta bayan gida a yashe ragowar ba.

Ba za mu ce hukumar ta naɗe hannu ba. Tun 2016 ta fito da lambar 2442: ka tura kalmar STOP a daina damunka da saƙonnin talla. Akwai 622, kira kyauta, don kai ƙara in kamfaninka ya yi biris da kai. A 2023 kuma aka haɗe lambobin duk layuka, aka ware 305 don dakatar da irin waɗannan tsare-tsare, 300 don magana da ma'aikatan kamfani. Duk mai saurarenmu ya gwada su yau, ya kuma duba wayar iyayensa. Amma ku lura da wanda aka ɗora wa wahalar: wanda aka cuta. Shi zai gano, shi zai haddace lamba, shi zai jira a waya yana sauraron kiɗa. Mutum nawa a Kasuwar Barci suka taɓa jin 305?

Masu manyan wayoyi ma kada su yi dariya. Manhajar da ta karɓi lambar katin ATM da sunan gwajin kyauta, goge ta daga waya ba ya tsayar da biyan. Sai an shiga Play Store, ko inda aka yi rajistar, an soke da hannu.

Abin da muke nema ba mai wuya ba ne. Kafin kowace sabuntawa a tambayi mai layi, in bai amsa ba tsarin ya mutu nan take. Saƙon ya zo da harshen da yake ji. Kamfanonin da suka iya tallar garaɓasa da Hausa ba za su ce fassarar hanyar fita ta gagare su ba. Kuma duk kuɗin da aka cira ba da izini ba a mayar wa mai shi, ba sai ya roƙa ba. NCC na da ikon cin tara, hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ita ma tana da shi. Muna jiran ranar da za su karanto mana sunayen waɗanda aka ci tarar, da adadin da aka mayar wa jama'a.