Daga Kan Tudun Waterloo: Yadda Runduna Take Karyewa a Fili da a Kwamfuta

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo. Yau da sassafe na bar Brasels na nufo kudu, tafiyar kimanin kilomita 20, kuma ga ni a ƙwanƙolin tudun da ake kira Tudun Zaki bayan na hau matakala 226. Wannan shimfiɗar gonaki da kuke gani a bayana ita ce filin yaƙin Waterloo, inda a ranar 18 ga Yuni, 1815, rundunar Napoleon mai kimanin mutum 72,000 ta gwabza da ta Wellington, kwamandan Birtaniya da ƙawayenta, mai kimanin 68,000, kafin dakarun Purusiya ƙarƙashin Blücher su ɓullo daga gabas. Abin da ya kawo ni shi ne wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, tun lokacin da na fara shagaltuwa da wasannin dabarun yaƙi na kwamfuta, wato ko yawan mutanen da suke mutuwa a waɗannan wasanni ya yi daidai da abin da yake faruwa a fagen fama na gaske.

A makon da ya wuce na buga wannan yaƙi na Waterloo a wani wasa, na riƙe ɓangaren Wellington. Cikin ƙasa da minti 40 an gama komai, kuma da allon sakamako ya fito sai na ga kusan duk rundunar Faransa an rubuta ta cikin waɗanda aka kashe, 'yan kaɗan ne suka tsira. Na ci nasara, amma raina bai kwanta ba, domin na san lissafin da masana tarihi suke bayarwa. An fara fafatawa a nan wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safe, saboda ruwan da aka kwana ana tafkawa ya mai da ƙasa taɓo har igwa ba ta janyuwa cikin sauƙi, aka kuma kai har faɗuwar rana ana yi. A tsawon wannan wuni Faransa ta yi asarar kimanin mutum 25,000 tsakanin matattu da masu rauni, ban da dubban da aka kama, Wellington ya yi asarar kimanin 15,000, Purusiya kuma kimanin 7,000. Ku lura da kyau, wannan yaƙi yana cikin mafi muni na zamaninsa, duk da haka ɓangaren da aka ci da yaƙi kusan kashi ɗaya cikin uku ne na mutanensa suka faɗi, kuma a cikin waɗanda suka faɗin masu rauni sun fi matattu yawa nesa ba kusa ba.

To, ina sauran suka shiga? Bari in juya muku kyamara zuwa kudu. Waccan hanyar da ta miƙe ita ce ta Charleroi, kuma ta nan suka bi da ƙafafunsu. Wajen ƙarfe bakwai da rabi na yamma Napoleon ya tura dakarunsa na musamman, waɗanda duk rundunar take alfahari da su, suka hau gangaren nan da ke ƙasa da ni, aka yi musu ruwan wuta, suka ja da baya. Da sauran sojoji suka ga waɗanda ba a saba ganin bayansu ba sun juya, ga kuma 'yan Purusiya sun danno ta Plancenoit, sai zuciya ta karye, sahu ya wargaje, kowa ya yi ta kansa. Dubun dubatar mutane masu lafiya, da bindigoginsu a hannu, suka daina zama runduna cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Mahayan Purusiya suka bi su cikin dare har Genappe da gaba.

Wannan shi ne abin da nake ganin wasanni da yawa suke kasa kamawa. Runduna tana karyewa ne tun kafin a ƙare ta, kuma mafi yawan kisa a yaƙe-yaƙen dā yana zuwa ne bayan an juya baya. Masanin tarihi Peter Krentz ya bi diddigin yaƙe-yaƙen tsoffin Girkawa masu mashi da garkuwa, ya gano cewa a matsakaici mai nasara yakan rasa kimanin kashi 5 cikin 100, wanda aka kora kuma kimanin kashi 14. Dalilin bambancin a bayyane yake: muddin mutum yana cikin sahu, garkuwarsa tana gabansa, ɗan uwansa yana gefensa, yana da wuyar kashewa, amma da zarar ya yar da garkuwa ya ruga, bayansa ya zama abin hari. A Marathon, shekara 490 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin tarihin Girka Herodotus ya ce mutanen Atina 192 suka mutu, Farisawa kuma 6,400. Ko da an ce ya ƙara gishiri, siffar lissafin ta nuna inda jini yake zuba. Inda aka ga an shafe runduna kusan baki ɗaya, kamar yadda Hannibal, janar na Carthage, ya yi wa Rumawa a Cannae a shekara ta 216 kafin haihuwar Annabi Isa, to an yi musu zobe ne, aka toshe hanyar gudu. Shi ya sa har yau ake koyar da Cannae a makarantun soja, domin ba abu ne da aka saba gani ba, alhali a kwamfuta kusan kowace arangama tana ƙarewa da irin sakamakonta.

Wasannin ba ɗaya suke ba, kuma adalci ne in rarrabe su. A Age of Empires II, wanda ya fito a 1999, kowane soja yana da mizanin ransa, yana sara har sai mizanin ya ƙare, ba ya jin tsoro, ba ya gudu sai mai wasa ya janye shi. Wannan wasa ne na saurin hannu da tattalin dukiya, bai yi da'awar kwaikwayon fagen fama ba. Jerin Total War ya matsa gaba ƙwarai, domin yana da dokar ƙarfin zuciya: rukunin da aka far wa ta baya, ko aka kashe masa kwamanda, ko ya ga maƙwabtansa suna gudu, yakan fara rawa, sannan ya watse, wani lokaci ya sake haɗuwa ya dawo. A Medieval II ma waɗanda mahayanka suka cim ma suna gudu fursunoni suke zama, ka zaɓi ka sake su, ko ka nemi fansa, ko ka kashe su. Amma runduna a waɗannan wasanni rukuni 20 ce, 'yan dubbai ke nan a madadin dubun dubata, kuma an matse wuni guda cikin ƙasa da sa'a ɗaya. Idan aka matse lokaci haka, dole a hanzarta kisa, in ba haka ba mai wasa zai zauna yana kallon sahu biyu suna harbin juna ba tare da wani ya motsa ba.

Alhali kuwa haka abin yake a gaske. Bindigar wancan zamani ta ɗure ce, gogaggen soja yakan harba sau biyu ko uku a minti ɗaya, kuma da abin hari ya wuce kimanin mita 100 sai dai a dogara da sa'a. Ga hayaƙin albarushi, wanda bayan 'yan harbe-harbe yake rufe fili har soja ba ya ganin wanda yake harbi. Ga hatsin da ya yi tsayi a gonakin nan a wancan Yuni. Ni da nake tsaye a kan wannan tudu ina ganin fili kamar tafin hannuna, amma tudun nan bai wanzu ba ranar yaƙin, bayan shekaru aka tara shi, da ƙasar da aka kwashe daga tungar da Wellington ya ɓoye mutanensa a bayanta. Kallon da nake yi yanzu shi ne kallon mai wasan kwamfuta, kuma babu kwamanda ko ɗaya da ya same shi a ranar.

Wasan da dokokinsa suka fi kwanta mini a rai a wannan fanni shi ne Field of Glory II, wanda ya fito a 2017. A cikinsa abin da ake aunawa shi ne haɗin kan rukuni. Rukuni yana farawa a tsaye daram, idan ya sha matsi a gwada shi, ya sauka zuwa rikicewa, daga nan zuwa tsattsagewa, daga nan ya karye ya gudu, kuma gudunsa yana iya girgiza na kusa da shi. Yaƙi yana ƙarewa idan kashi 60 cikin 100 na runduna suka watse, ko kashi 40 idan tazarar asarar da ke tsakanin ɓangarorin ta yi yawa. Kalmar da ta fi muhimmanci a nan ita ce watsewa, domin yawancin waɗannan mutane suna da rai. Da na fara bugawa sai na ga tunanina ya sauya da kansa, na daina neman inda zan fi kashewa, na koma neman gefen da zan taɓa sahu ya tsage.

Sai dai kada in ja zaren ya tsinke. Akwai rukunonin da suka tsaya har aka kusa ƙare su, kuma ɗaya daga cikinsu a can ya tsaya, kusa da mahaɗar hanyoyin da nake nuna muku. Bataliya ta ɗaya ta Rejimenti ta 27 ta Inniskilling, 'yan Ayalan, ta tsaya cikin sahu mai kusurwa huɗu, irin wanda ake yi don kare kai daga mahaya, igwa da 'yan bindiga suna ta zuba mata wuta, har ta rasa kusan kashi biyu cikin uku na mutanenta, ba ta gusa ba. Saboda haka dokar da za ta ce kowane rukuni ya gudu da zarar ya rasa kaza ita ma ba gaskiya ba ce. Horo, da amincewa da hafsoshi, da gajiya, da ko akwai wajen gudu, duk suna shiga lissafi, kuma wasa mai kyau yakan bar ƙofa ga abin da ba a zata ba.

Akwai kuma batun umarni, wanda a ganina shi ne uban sauran. A yawancin wasanni ka danna, nan take mutum dubu su juya. A ranar Waterloo, Marshal Grouchy, ɗaya daga cikin kwamandojin Napoleon, yana can wajen garin Wavre da kimanin mutum 33,000, yana jiyo rugugin igwa, kuma takardar da aka rubuta masa da rana ba ta kai hannunsa ba sai da yamma, lokacin da ba ta da sauran amfani. Scourge of War: Waterloo, na 2015, yana da tsarin da kake rubuta umarni, ɗan aike ya hau doki ya kai, yana iya makara, ana iya harbe shi a hanya, kuma kana iya taƙaita ganinka ga abin da kwamanda yake gani daga kan sirdi. Wanda ya gwada wannan zai ga asara ta ragu da kanta, domin ba ya iya tara wutar kowa a wuri ɗaya a daidai lokacin da yake so. Wannan tunani tsoho ne. A 1824 wani hafsan igwa na Purusiya, Reisswitz, ya gabatar da wasan yaƙi na taswira da ake kira Kriegsspiel, inda alƙalin wasa yake karɓar umarni a rubuce, ya ɓoye wa kowane ɓangare abin da bai kamata ya gani ba, ya fitar da asara daga jadawali da jefa ɗan ludo. Wanda ya karɓi wasan ya shigar da shi horon hafsoshi shi ne Janar Müffling, kuma shi wannan Müffling yana nan filin ranar yaƙin, a matsayin wakilin Purusiya a wajen Wellington. Mutumin da ya shaƙi hayaƙin Waterloo ne ya yarda cewa jinkiri da rashin gani su ne ginshiƙin kwaikwayon yaƙi.

Abin da ya fi damuna shi ne lambar nan guda ɗaya da allon sakamako yake nunawa. A Gettysburg ta Amurka, a 1863, ana lissafa asara kimanin 50,000, amma waɗanda suka mutu a fili kimanin 7,000 ne, sauran masu rauni ne da kamammu da ɓatattu. A yaƙin basasar Amurka gaba ɗaya, kusan kashi biyu cikin uku na mace-macen cuta ce ta jawo su. Rundunar da Napoleon ya shiga Rasha da ita a 1812 ta fara narkewa tun kafin sanyi, saboda yunwa da atuni da zazzaɓin da ƙwarƙwata take yaɗawa. Wasanni irin Europa Universalis IV, inda mutum zai iya ɗaukar Kano ko Katsina ko Zazzau ya mulka, sun taɓa wannan da dokar da take zaftare runduna wata-wata idan ta fi ƙarfin abincin yankin da ta sauka, kuma na yaba da hakan. Amma mai rauni, wanda ba ya cikin matattu kuma ba ya cikin masu yaƙi, har yanzu ba shi da mazauni sosai a yawancin wasanni.

Ni da wani abokina da muke bugawa ta intanet mun kafa wa kanmu doka tun watan jiya: duk wanda kashi ɗaya cikin uku na rundunarsa ya faɗi ko ya watse, dole ya fara janyewa, kuma wanda ya fitar da sauran mutanensa cikin tsari ana ba shi maki. Tun daga nan kowannenmu yake ajiye mahaya a baya don ƙarshen wasa, ɗaya don kora, ɗaya don tare hanya, abin da a dā ba ma yi.

Yanzu zan sauka in taka zuwa waccan gonar mai farin bango da ke arewa, Mont-Saint-Jean, wadda ita ce babban asibitin fili na rundunar Wellington. Dubban masu rauni aka kai can a ranar, wasu kuma suka kwana biyu ko uku a gonakin nan kafin a zo ɗaukarsu. A 2019 masu tonon kayan tarihi suka haƙo ƙasusuwan ƙafafun da likitoci suka yanke a wurin, ɗaya da alamar zarto a jikinsa. Ku biyo ni, zan nuna muku farfajiyar da aka kwantar da su.