Carl Rogers da 'yancin ɗalibi a cikin aji

Assalamu alaikum, malamai da ɗalibai. Yau za mu tattauna kan Carl Rogers, masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Amurka, wanda aka haifa a 1902 a garin Oak Park na jihar Ilinois, ya rasu a 1987 a Kalifoniya. Ya fara karatun noma a jami'ar Wiskonsin, ya koma tarihi, ya shiga makarantar horar da limaman coci a New York, daga ƙarshe ya yi digirinsa na uku a Kwalejin Malamai ta jami'ar Kolumbiya a 1931.

Amma makarantarsa ta gaske ita ce garin Rochester, inda ya yi shekara goma sha biyu yana aiki da yara masu matsala. A can ne wata uwa ta riƙa zuwa kan maganar ɗanta mai ƙiriniya. Rogers ya yi ta ƙoƙarin nuna mata inda ta yi kuskure, abin ya ci tura, suka amince a dakata. Ta kai bakin ƙofa, sai ta juyo ta tambaye shi ko suna sauraren manya a nan. Ya ce ƙwarai. Ta dawo ta zauna, ta amayar da abin da ke cin ta a rai game da aurenta. Wannan na cikin abubuwan da suka sa daga baya ya gane cewa mai ciwo shi ya san inda ke masa zafi.

Wannan fahimta ya kawo cikin aji, musamman a littafinsa Freedom to Learn, wato 'Yancin Koyo, na 1969. Ya ce malami mai sauƙaƙa koyo ne, kuma yana bukatar halaye uku. Ya zama mutum na gaskiya: in ransa ya ɓaci ya faɗi, kada ya ɓuya bayan matsayinsa. Ya karɓi yaro da daraja ko ya ci jarrabawa ko ya faɗi. Sannan ya iya kallon darasin da idon yaron. Na biyun nan ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. Karɓar yaro daban, amincewa da duk abin da ya aikata daban. Za ka iya cewa, "Wannan aikin bai yi ba, sake shi," ba tare da ka ce masa daƙiƙi ba.

To, ta yaya ake yi a aikace? Akwai abin da ake kira yarjejeniyar koyo. Ɗalibi ya rubuta abin da zai koya, da kayan da zai yi amfani da su, da ranar gamawa, da shaidar da zai nuna. Malami ya duba, ya rage in yaron ya ɗauko da yawa, ya ƙara in ya yi lalaci, su amince. Ku lura, aikin malami ya ƙaru ne: sai ya tanadi littattafai da kayan gwaji tun kafin yara su shigo.

Ina abin yake lalacewa? Tun a farko. A 1958 Rogers ya koyar da wani kwas a jami'ar Brandeis, ya ƙi tsara wa ɗalibai abin da za su yi. Zaman farko-farko sun kasance cikin fushi da ruɗani, ɗalibai na roƙonsa ya yi musu lacca kamar kowa. Manya ne fa, wasunsu ma malamai! Wanda ya saba a ba shi a baki, in aka sake shi lokaci guda sai ya rikice. Shi ya sa dabarar Barbara Shiel, malamar aji shida da Rogers ya kawo labarinta, ta fi kama hankali. Ta raba ajinta biyu: masu iya tafiyar da kansu su cika yarjejeniyar aikin rana, waɗanda suka kasa su koma ƙarƙashin jagorancinta har sai sun shirya.

Ga ajin da yara suka yi yawa, a ganina a fara da darasi ɗaya a mako, da rukuni-rukuni, da zaɓi tsakanin ayyuka biyu ko uku. Yanzu sai tambayoyi.