Kafin mu ɗauki kwalaye: jawabi a taron Hausawan Manchester

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaba, iyayenmu malamai, iyayenmu mata da ke fama da tandar masa tun asuba, 'yan'uwa da suka taso daga Leeds da Bradford da Liverpool cikin wannan ruwan saman, sannunku da zuwa, sannunku da sanyi. Shugaba ya ba ni minti goma sha biyar, kuma na san ƙamshin da ke fitowa daga kicin ya fi jawabina farin jini, don haka ba zan yi dogon kewaye ba.

Mako uku ke nan ana cacar baki a zaurenmu na WhatsApp. Matasa sun kawo shawarar ƙungiya ta fita zanga-zangar lumana kan kashe-kashe da satar mutane a Zamfara da Katsina da Sakkwato. Wasu daga cikinmu dattawa muka ce baƙo ba ya ɗaga murya a garin mutane, mun zo neman abinci ne, mu ci mu kama bakinmu. Magana ta yi zafi, wani yaro ya ce mana tsoro ne ke damunmu muke kiransa dattaku, aka cire shi daga zauren. Ina cikin waɗanda suka ce a cire shi. Zan dawo kan wannan.

Shekara goma sha bakwai ina tuƙa tasi a garin nan. Na sauke fasinja a dandalin St Peter's sau ba adadi, ban taɓa sanin abin da ya faru a unguwar ba, sai ranar da 'yata ta dawo daga makaranta da aikin gida na tarihi, ta ce, "Baba, ka san an taɓa kashe masu zanga-zanga a inda kake tsayawa jiran fasinja?" Na ce mata ta daina wasa, nan Ingila ce. Ta buɗe littafi ta nuna min.

Ranar Litinin 16 ga Agusta 1819, mutum kusan dubu sittin suka taru a filin, yawancinsu masaƙa da ma'aikatan masaƙun auduga, da matansu da 'ya'yansu, cikin kayansu na zuwa coci. Burodi ya yi tsada, aiki ya yi wuya, ga shi garin Manchester duk girmansa ba shi da wakilin kansa a majalisa. Sun zo su saurari wani mai jawabi, Henry Hunt. Mahukuntan gari suka leƙo ta taga suka ga taron, hankalinsu ya tashi, suka tura mahaya dawaki da takubba zare. Aka kashe mutum kusan goma sha takwas, aka raunata ɗaruruwa. Cikin mamatan har da yaro ɗan shekara biyu da doki ya banke uwarsa, ya suɓuce daga hannunta. 'Yan jarida suka raɗa wa abin suna Peterloo, don gatse, wai sojojin da suka yi nasara a yaƙin Waterloo shekara huɗu kafin nan, yau ga jarumtarsu a kan mata da yara. Jaridar Guardian da kuke gani a shago, bayan wannan ta'asa aka kafa ta a garin nan a 1821. Wakilcin da suka fito nema kuwa, sai 1832 Manchester ta samu.

In kun fita, ku bi ta dandalin ku duba mutum-mutumin wata mata tsaye a kan kujera ta miƙa hannu. Emmeline Pankhurst ce, 'yar garin nan, wadda ta sha ɗauri a kan mata su samu ƙuri'a. Duk sanda na wuce ta, Hajiya Gambo Sawaba ke faɗo min a rai, ita ma an ɗaure ta, an doke ta, an aske mata kai a kan magana iri ɗaya, kuma matan Arewa ba su samu ƙuri'ar ba sai a ƙarshen shekarun 1970. Saboda haka duk wanda ya ce maka Bature an haife shi ne da 'yancin magana a baki, mu kuwa al'adarmu biyayya ce, ka ce masa bai san tarihin nan ba, bai kuma san na jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano ba.

A Landan ma haka. Lungun nan na Hyde Park da ake taruwa ran Lahadi kowa ya hau ɗan tsaninsa ya faɗi abin da ya ga dama, ba kyauta aka ba su ba. A 1866 gwamnati ta kulle ƙofofin lambun don hana taro, jama'a suka tumɓuke shingen ƙarfe suka shiga. Shekara shida bayan nan, a 1872, doka ta amince da yin taro a wurin. Na taɓa zuwa sau ɗaya. Wallahi na ji maganganu a kan addinina da suka sa jikina rawa, na dunƙule hannu a aljihu. Taku goma daga nan kuma ga wani ɗan'uwa Musulmi a kan nasa tsanin yana ragargazar aƙidar wasu, su ma suna tsaye suna haɗiye fushi. Ɗan sanda ɗaya ne ke gadin su biyun. A jirgin ƙasa ina dawowa na yi ta juya abin: dokar da ta hana ni cakumar wancan, ita ce ta hana a cakumi nawa. Ba a sayar da rabinta.

To mu zo ga abin da doka ta ce yau, don rashin sani ya fi dare duhu. Dokar kare haƙƙin ɗan Adam ta 1998 ta tabbatar da 'yancin faɗar ra'ayi da 'yancin taro, kuma ba ta ce sai mai fasfon Birtaniya ba. A Ingila, in taro ne na tsayuwa wuri ɗaya, ba dole ba ne ka nemi izinin kowa. In kuwa jerin gwano ne za a bi titi, dokar 1986 ta ce wanda ya shirya ya rubuta wa 'yan sanda sanarwa kwana shida cur kafin ranar, da lokaci da hanyar da za a bi da sunansa da adireshinsa. Sanarwa ce, ba roƙo ba. Amma 'yan sanda suna da ikon gindaya sharaɗi, su ce ku bi nan kada ku bi can, ku watse ƙarfe kaza, kuma karya sharaɗin laifi ne. 'Yan'uwanmu na Glasgow ku lura, taku daban ce, kwana ashirin da takwas ake ba hukumar gari.

Sannan ba duk filin da jama'a ke cika ba ne filin jama'a. Manyan kasuwannin nan na zamani da muke kai yara ran Asabar, na kamfanoni ne, mai gadi yana iya cewa ka naɗe kwalinka ka fita. A 2011 masu zanga-zanga a Landan sun nufi dandalin da ke gaban kasuwar hannun jari, aka nuna musu takardar kotu cewa filin na wani ne, dole suka koma harabar cocin St Paul suka kafa tantuna.

Kuma kada in yaudare ku, igiyar ana ta ƙara tamke ta. Dokar 2022 ta ba 'yan sanda damar taƙaita taro saboda ƙarar hayaniya kawai. Ta 2023 ta mai da ɗaure kanka a jikin ƙofa ko manna hannu a titi laifin da ake iya ɗaure mutum wata shida. Ranar naɗin Sarki Charles, 6 ga Mayu 2023, an kama shugaban masu adawa da sarauta tun kafin ya sauke kwalayensa daga mota, ya shafe kusan awa goma sha shida a tsare, daga baya 'yan sanda suka ce sun yi nadama. A Yulin 2025 gwamnati ta saka ƙungiyar Palestine Action cikin haramtattu, ranar 9 ga Agusta kuma aka kama mutum fiye da ɗari biyar a dandalin majalisa saboda rubutun goyon bayan ƙungiyar da ke kan kwalinsu, kusan rabinsu sun haura shekara sittin. Waɗannan 'yan ƙasa ne, wasu ma sun ajiye aiki suna cin fansho, abin da za su rasa kaɗan ne. Kai da ke kan bizar karatu, ke da ke aikin kula da tsofaffi kina jiran takardar zama ta dindindin, lissafinku daban ne. Ma'aikatar cikin gida tana da ikon soke biza, kuma ranar da za ka nemi zama ɗan ƙasa za a duba ko an taɓa samun ka da laifi. A nan dattawa suna da gaskiyarsu, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Ka karanta kwali kafin ka karɓa daga hannun wanda ba ka sani ba. In ɗan sanda ya ce ku matsa, ku matsa, a yi gardamar daga baya a gaban lauya.

Yanzu bari in taɓo inda ke mana ciwo.

Ku tuna makon farko na Agustan 2024. A nan Ingila 'yan tarzoma suna jifan masallatai bisa labarin ƙarya da aka yaɗa bayan kisan yara a Southport, suna neman cinna wa otal ɗin 'yan gudun hijira wuta a Rotherham, har gwamnatin Najeriya ta gargaɗi 'yan ƙasarta kan zuwa Birtaniya, abin dariya abin kuka. Mun kulle ƙofa, matanmu sun daina fita su kaɗai. A makon nan dai a gida yara suka fito zanga-zangar yunwa. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da wasu a kotu a Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, cikinsu da yara ƙanana, duk mun ga hotonsu, haƙarƙari a waje, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Aka yanka musu belin naira miliyan goma kowanne, yaran da ko takalmin kirki ba su da shi. Sai da duniya ta yi ca sannan shugaban ƙasa ya ce a sake su.

Me muka yi mu a nan? Wasu cikinmu suna zaune kusa da hita, da kofin shayi, suna tura saƙon murya gida: ku fito, kada ku ja da baya, ku ɗaga tutar Rasha. Wannan ingiza mai kantu ruwa ne. 'Ya'yanka suna ɗaki suna wasan kwamfuta, kana zuga ɗan wani ya tari harsashi. In kana da ƙorafi, ga titi nan a ƙofar gidanka inda ɗan sanda zai tare maka mota ka wuce. Ka fito da fuskarka da sunanka.

Kuma doka a gida ba ta hana ba, aiki da ita ne babu. Sashe na 39 da na 40 na tsarin mulkin 1999 sun ba da 'yancin magana da na taro. A Satumban 2003 'yan sanda suka tarwatsa gangamin jam'iyyar adawa ta ANPP a Kano da barkonon tsohuwa, wai ba a nemi izini ba, Chuba Okadigbo, jigon jam'iyyar da ke wurin taron, ya rasu kwanaki kaɗan bayan nan. Jam'iyyun adawa suka kai ƙara, a 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta ce neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa tsarin mulki. Da yawanmu mun yi murna, don namu aka fesa wa hayaƙi. Shekara takwas bayan nan, a Disamban 2015, sojoji suka buɗe wa 'yan Shi'a wuta a Zariya, sakataren gwamnatin Kaduna da bakinsa ya shaida wa kwamitin bincike cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya. Ni ba ɗan Shi'a ba ne, kuma tattakinsu ya sha tsayar da ni a hanyar Kano zuwa Zariya ina huci a mota. Amma na tuna abin da aka riƙa faɗa a majalisunmu a lokacin: maganinsu ke nan, su suka tare hanya. Ni ma na gyaɗa kai. Gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, muka tsaya shan ɗumi. Da aka zo kan yaran Kano da Kaduna a 2024, wasu can su ma suka ce maganinsu ke nan, ɓarayi ne, sun fasa shaguna.

Shi ya sa maganar yaron da muka cire ta hana ni barci. Bai zagi uwar kowa ba, bai yi ƙarya ba, bai tona asirin gidan wani ba. Ya faɗi magana mai ɗaci da kaushin harshe, irin na yaran da suka tashi a nan. Da mun kira shi gefe mun ja masa kunne a kan lafazi, da ya wadatar. Sai muka danna maɓalli ɗaya muka rufe masa baki, mu ɗin nan da ke shirin rubuta a kwali cewa gwamnati ta saurari talaka. Zauren mutum ɗari da 'yan kai ne, mulkinsa bai wuce wayar hannu ba, amma da muka samu iko abin da muka yi da shi ke nan. Ɗana, na hango ka can baya kusa da ƙofa. Ka yi haƙuri, na yi kuskure. Kai ma ka sassauta harshe, furfurar nan ba fenti ba ce.

Ra'ayina, ranka ya daɗe shugaba, mu fita. Tsayuwa wuri ɗaya a dandalin St Peter's, ran Asabar bayan azahar, awa biyu. Duk da doka ba ta tilasta ba, mu rubuta wa 'yan sanda, ni zan sa sunana da adireshina a takardar tunda ina da fasfo, babu abin da zan rasa sai kuɗin tasi na yini ɗaya. A kan kwalaye mu rubuta sunayen ƙauyukan da aka kai wa hari, ban da zagi, ban da tutar jam'iyya. Wanda takardunsa ba su zauna ba, ko zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya zauna a gida, kuma kada in ji an kira shi matsoraci.

Sakatare, a mai da yaron nan cikin zaure kafin a zuba abinci. Sannan a ɗaga hannu a ƙirga. Hajiya tana ta yi min alama masa na hucewa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.