Farin katakon kwantena a ƙarƙashin tanda

Auta: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sanyi. Yau ma daga nan Sakkwato muke, ina tare da Kawu, wanda ya daɗe yana aikin kafinta, da Goggo mai masa. Goggo, ke kika kawo maganar yau.

Goggo: Ni na kawo ta, don abin ya tsaya mini a rai. Hunturun nan icce ya yi tsada, sai wani yaro ya kawo mini ɗaurin farin katako da araha. Da asuba na cusa shi ƙarƙashin tanda, ashana ɗaya ta kama shi, har na yi hamdala. Amma zubin farko, bayan masar ya ƙone, cikinta ɗanye. Ga tartsatsi yana ta fallatsa, ya huda mini zane wuri biyu. Kafin masu siye su taru, babu komai a murhun sai toka da ƙusoshi.

Kawu: Hajiya, da ya kama kin ji wani ƙamshi kamar na ƙaro?

Goggo: Ƙwarai kuwa.

Kawu: To fayin ne, iccen nan da Turawa ke kira pine. Ba ya fitowa a dajinmu. A Najeriya an dasa shi wuraren Jos da Afaka kusa da Kaduna, amma wanda ke zuwa hannunmu yawanci katakon da ake ɗora kaya a kai ne cikin kwantena, da akwatunan injuna. In an sauke kaya sai a ɓalle shi a sayar. A wurin aiki muna son shi, ba ya wahalar da zarto. Ƙaron da ke jikinsa shi ke sa ya kama nan take, shi kuma ke fashewa ya yi tartsatsi.

Auta: To me ya sa ba ya barin garwashi?

Kawu: Ɗauki guntun fayin a hannu ɗaya, guntun kirya mai girmansa a ɗayan. Kirya za ta rinjayi hannunka. Da a sikeli ake sayar da icce, kilo ɗaya na wannan da kilo ɗaya na wancan zafinsu kusan ɗaya ne. Amma mu da ido muke siye, ɗauri-ɗauri. Sai ka ga ɗauri ƙato, alhali rabin nauyin babu. Shi ya sa maƙera ke neman gawayin kirya, matan gida kuma marke da bagaruwa.

Goggo: Ashe arahar ba araha ba ce. Masa wuta mai haƙuri take so. Haka tuwo, in an yi talge garwashi ne ke ƙarasa shi.

Auta: Na karanta cewa a Turai da Amurka, masu murhun ƙarfe na ɗumama ɗaki suna tsoronsa, wai yana toshe bututun hayaƙi.

Kawu: An ɗora masa laifin da yawancinsa na ɗanyen icce ne. Icce in bai bushe ba, ko aka shaƙe wuta tana ci a hankali, hayaƙin kan yi sanyi a cikin bututu ya daskare kamar kwalta. Ran da ya taru, shi kansa sai ya kama da wuta. Can suna so damshin icce ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 kafin a ƙona, fayin kuwa yakan ɗauki wata 6 zuwa shekara bayan an faskara. Mu rana ta hutar da mu. Amma masu gidan burodi da ke da bututu, su riƙa leƙawa suna kankarewa.

Goggo: Ɗanye ai ba ya ɓuya. Za ka ji yana tsuwa, kumfa na fita a gindinsa, ido na ruwa.

Kawu: Abin da ya fi damuna ba shi ba ne, Hajiya. Katakon nan ya yi tafiya, ba ki san abin da aka zuba masa ba. Tun 2002 akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa cewa katakon ɗaukar kaya sai an kashe ƙwarin cikinsa kafin ya tsallaka iyaka, a buga masa hatimi mai hoton zangarniya. In kika ga HT, da zafi aka yi, an gasa shi har cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30. Wannan ba magani a jikinsa. In kika ga MB, iskar guba aka turara masa, kada ki kai shi kusa da abinci.

Goggo: Ni da ba boko na yi ba?

Auta: Haruffa biyu ne, Goggo, zan zana miki su a bangon kicin.

Kawu: Sannan duk mai fenti, ko wanda mai ko wani ruwa ya zube a kansa, a bar shi. Akwai kuma wanda za ki ga ya yi kore-kore, an jiƙa shi da maganin gara. Wani irinsa akwai gubar asanik a ciki, kuma ba ta ƙonewa ta tafi duka, tana zama a toka.

Goggo: Innalillahi. Malam, tokar nan da ita muke dirje tukwane. Wasu ma suna tace ruwan toka su sa a miya in babu kanwa. Yara kuma da safe suna kewaye murhu suna jin ɗumi, hannu cikin toka.

Kawu: Shi ya sa na ce a duba. Kuma don Allah, ko wane icce ne, kada a shiga da wuta ɗaki a rufe ƙofa da taga saboda sanyi. Iskar da ke kisa ba ta da wari.

Auta: To sauran ɗaurin da ke gidan Goggo fa, a zubar?

Kawu: A'a. Mai tsabtar cikinsa a tsaga shi sirara kamar ƙirare. Guda uku ko huɗu a ƙasa, marke a sama, ba sai an nemi kananzir ko leda ba. Ruwan shayi ma ko ɗumamen safe zai yi.

Goggo: Ledar nan dama ta ishe ni, ƙirjina har ciwo yake. Malam, gobe in ka fito masallaci ka biyo ka duba mini hatimin, in ajiye maka masa mai zafi.

Kawu: In sha Allahu. Ki tanadi gwangwani, mu tsince ƙusoshin kafin yara su taka.